Harshen Kawu Sodangi

Sabon Birni, 12 ga Agusta, 1956

Zuwa ga taubashina Malam Alhassan, mai ba da magani a Isa.

Gaisuwa mai yawa da so da yarda. Ina hwatan kana lahiya, kai da Ruƙayyatu, Allah shi sauke ta lahiya. Mu nan lahiya lau, ruwa ya zauna, gero ya wuce ƙugu. Labbo ne, ɗan gwaggonka Tani na Burkusuma. Kada ka yi mani dariyar rubutu, wata bakwai kaɗai niy yi ajin yaƙi da jahilci, rabinsu ma ina gona.

Bayan haka, wata biyu ke nan da inna tat turo ni wurin Kawu Sodangi in koyi dillancin gishiri, tunda ba shi da ɗa namiji. Shi da matarshi Inno sun riƙe ni da kyau, har na yi kumatu. Amma Yaya, aikin ga ban gane kanshi ba. Da ina zaton aikin dillali surutu ne. Ashe na Kawu lasa ce. In anka kawo gishiri sai shi ɓantari ɗan gutsure, shi aza bisa harshe, shi ruhe ido, can shi ce wanga na miya ne, wanga na shanu, wanga an cuɗe shi da ƙasa tun can Balma inda a ka haƙo shi. Matan gari da Hillani ba su saye sai sun ji abin da yac ce. Ran kasuwa na ƙirga lasar da yay yi har sittin, nig gaji nib bari. Ni ko duk wanda nil lasa, gishiri kawai ni ka ji. Kawu yac ce harshena da tahin ƙahwata uwarsu ɗaya.

To ga abin da yas sa nir rubuto. Kawu na tashi da ciwon kai nan ga ƙeya kusan kullum da sahe. Shina cewa kunnenshi na kuka awa an kaɗa ganga nesa. Sau biyu shina haɓo cikin rumhwa. An kira wanzami ya yi mashi ƙaho sau uku, yac ce jini ne yay yi yawa. In an yi sai shi ji sauƙi kwana biyu, abin shi dawo. Shekaranjiya ya tashi daga tabarma yad dahe bango. Nic ce Kawu lahiya? Yac ce ƙasa ce tam motsa, in duƙa in tambaye ta.

Ka san shi ba ya zuwa asibiti. Ka taimaka da ƙwayar ciwon kai ta hannun Illo mai jakai, shi za shi kawo maka wagga takarda.

Ni ne wanda ka ka ce ma bawanka, ni ko ban yarda ba,
Labbo

Isa, 21 ga Agusta, 1956

Zuwa ga bawana Labbo, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ɗan mace ai bawan ɗan namiji ne, ba ni na kafa dokar ba.

Bayan gaisuwa, na ga takardarka. Rubutun kamar kaji sun yi dambe a kai, amma na karanta, kuma na yi murna. Albishirinka: Ruƙayyatu ta sauka jiya, namiji, ita da shi lafiya. Suna ranar ashirin da bakwai.

Ga ƙwaya shida Illo zai ba ka. Amma ciwon kan ba shi ne ya dame ni ba, haɓon da dafa bangon su ne. Likita Bature zai sauka Isa rangadi kashegarin suna, yana da abin awo wanda ni ba ni da shi. Ka gaya wa Baba Sodangi shi ne babba a gidanmu yanzu, shi zai raɗa wa yaro suna, in bai zo ba ragon ma ba za a yanka ba. Kada ka ambaci likita. In ka ambata zai ce jakinsa ya yi targaɗe.

Kai ka zauna ka tsare rumfa. Kada ka sayar wa kowa tsakuwa.

Ubangidanka,
Alhassan

Isa, 31 ga Agusta, 1956

Labbo, gaisuwa da fatan alheri. An yi suna lafiya. Baba ne da kansa zai miƙo maka wannan takarda, bai san ƙararsa ce a ciki ba. Na san in ka tambaye shi zai ce likita ya ce lafiyarsa lau, don haka ka karanta a hankali, sau biyu.

Da ƙyar muka shigar da shi. Likita ya ɗaura masa wani ƙyalle a damtse, ya hura masa iska ya matse, ya saurara, ya sake, sannan ya cire tabarau ya dube ni. Baba ya ce tun da Nasara suka zo ba a taɓa ɗaure shi ba sai yau, kuma a gaban ɗansa. Likita ya ce jininsa ya hau ƙwarai.

Bari in gaya maka yadda aka koya mana a Zariya. Jini ba zaune yake a jiki kamar ruwa a tulu ba. Zuciya ce ke tura shi cikin jijiyoyi dare da rana. Jijiyar matashi kamar sabuwar salka ce da ta sha jima: in zuciya ta turo sai ta buɗe, ta koma. In mutum ya manyanta sai ta bushe ta yi tauri, ta daina buɗewa, dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi. Ƙarfin kuma yana gurje cikin jijiyar, ta yi kauri, hanya ta matse, zuciya ta sake ƙarawa. Haka suke ta ɓata juna shekara da shekaru, mutum bai sani ba. Ƙananan da ke cikin kai da ido da ƙoda su suka fi shan wuya. Wata rana ɗaya ta fashe ko ta toshe, mutum ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Gishiri kuwa jawo ruwa yake yi ya riƙe a jiki, ka ga yadda kantun gishiri ke jiƙewa da damina ba wanda ya zuba masa. To ka ɗauki tsohuwar salka busasshiya, ka yi ta ɗura mata ruwa fiye da cikinta. Ƙaho ba ya taɓa wannan, abin da ya cire jiki na mayarwa.

In kana so ka gani da kanka, ka aza yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙarƙashin babban yatsa, sannan ka taɓa na Baba.

Tsufa ba mu da maganinsa. Gishiri kuwa a hannunmu yake. Ka gaya wa Inno ta daina sa shi a miyar Baba. Lasa kuma ta ƙare. Ga ƙananan ƙwayoyi farare daga likita, ɗaya safe ɗaya yamma. Da na fassara wa Baba, cewa ya yi, shekara arba'in ina ci da gishiri, yau za a ce shi ke cina? Amma da aka miƙa masa jaririn ya daɗe yana kallonsa, daga baya ya ce zai gwada.

Ayarin Buzaye masu kawo gishiri sai Disamba. Kana da wata uku ka mai da tafin ƙafar nan taka harshe, don daga yau kai ne harshen Baba.

Alhassan

Sabon Birni, 28 ga Satumba, 1956

Zuwa ga Yaya Alhassan, gaisuwa da barka da arziki, Allah shi raya yaro. Mu lahiya lau, an hwara yankan gero, Inno na gaida mai jego.

Na karanta takardarka sau huɗu ba biyu ba. Na taɓa hannuna, nij ji abin na motsi da laushi awa ɗan tsako cikin tahi. Da ina zuba ma Kawu ruwan alwala nir riƙe nashi. Yaya, awa tsirkiyar baka. Jijiyar gehen goshinshi kuma ta lauye ƙarƙashin hwata, ana ganin bugunta da ido. Yac ce mi ka ka nema, kwarkwata? Tun ran nan in na ga tsoho hannunshi ni ka kallo.

Yanzu ga labari mai daɗi. Kwana ukun hwarko Kawu ture tuwo shi kai, yac ce ruwan wanki anka ba shi. Inno tar rasa yadda za ta yi. Sai Allah yab ba ta dabara. Tas sa kanwa maimakon gishiri, ta ninka wadda ta saba sawa har uku, miya tat tashi. Tana dama mashi kunun kanwa sahe da marece, shina shanyewa. Shi ko ya samu ɗan gutsuren ungurnu, jar kanwan nan, shina tsotsa cikin rumhwa don kada harshenshi shi yi barci. Amma gishiri, ko ƙwaya ɗaya bai shiga bakinshi ba, ni shaida ne. Har Inno tac ce in rubuta maka ka gaya ma sauran masu irin wanga ciwo, ita ba ta rowar dabara.

Karatuna ne dai babu daɗi. Kullum Kawu na aza mani gutsure uku bisa hwaihwai, in lasa in hwaɗi. Jiya nic ce ma na shanu na miya. Yac ce Alhamdu lillahi, in ayari ya zo sai mu kira shanun su yi ciniki da kai. Masu saye in sun zo shi su ka kallo, shi kuma shi nuna ni da baki, sai su tsaya suna juya kwando. Ciwon kan bai tahi ba, amma na ce ko sai a hankali.

Ka rubuto ka ce mun yi daidai, Inno na jira.

Labbo

Sabon Birni, 29 ga Oktoba, 1956

Yaya Alhassan, gaisuwa. Ina hwatan lahiya ce tas sa shiru. Wata guda ke nan, Illo ya je Isa sau uku, yac ce ɗakinka ruhe shike, ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙohwa. Nic ce ma Inno shiru ai yarda ce, da mun yi kuskure da ka aiko. Sai munka ci gaba.

Jiya da sahe Kawu na shan kunu, ludayi yas suɓuce daga hannunshi na dama. Yas sa hannu shi ɗauka, hannun bai bi shi ba. Nid dubi huskarshi nig ga bakin ya ja gehe guda. Ya kira sunana, abin da yah hito ba sunana ba ne. Na kwantar da shi, Inno na tohwa mashi addu'a. Kahin hantsi shi ɗaga sai ga shi ya motsa yatsu, magana ta dawo, har yac ce wa yaz zubar mashi da kunu. Yanzu shina cewa sanyi ne yak kama shi, kada a gaya ma kowa. Inno ta je bayan rumbu ta yi kukanta ta dawo.

Ban gane ba. Mun bar gishiri awa yadda kac ce. Ƙwayar ma shina sha, ni ka ba shi da hannuna. Ko jijiyar ce tat tsage? In ta tsage ana ɗinke ta? Mi munka rage?

Na roƙi Illo kada shi dawo sai ya gan ka ido da ido, ko da kwana za shi yi bakin ƙohwarka.

Labbo

Isa, 2 ga Nuwamba, 1956

Labbo, jiya na dawo. An tura ni ƙauyuka yin lamba, rigakafin cutar agana, mako biyar ina bisa keke. Na tarar da Illo zaune da takardarka ta Oktoba, ta Satumba kuma a ƙasa gara ta ci gefenta. Da na karanta maganar kanwa sai da na zauna.

A daina kanwar nan yau. Kunun kanwa, ungurnu, duka. Abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, shi ne a cikin kanwa, 'yan gida ɗaya ne. Kun kori mutum ta zaure kun shigo da shi ta katanga. Laifin ba na Inno ba ne, ba naka ba ne. Nawa ne. Likita Bature ne, a garinsu ba a cin kanwa, bai san zai ambace ta ba. Ni da na tashi da kununta ni ya kamata in tuna. Ka gaya wa Inno na ba ta haƙuri, kuma na gode da ba ta yi rowa ba, amma wannan dabara mu binne ta.

Abin da ya faru da Baba, wata ƙaramar jijiya ce a cikin kai ta toshe na ɗan lokaci, sannan ta buɗe. Ba ta tsage ba, kuma ba a ɗinkewa. Sallama aka yi a ƙofa, ba a shigo ba. Ba kullum mai sallama ke komawa ba.

Inno ta nemi daɗin miya a wurin daddawa da albasa da citta da barkono da tsamiya. Kanwa kuwa, in ta zama dole, sai ɗan abin da zai nunar da wake. Ya riƙa takawa zuwa masallaci da ƙafa, a hankali, kada ya tashi zumbur daga zaune. Na aika wa likita labari, ga ƙarin ƙwaya. Kai ma in ka lasa ka riƙa tofarwa, jijiyarka sabuwa ce amma ba ta ƙarfe ba ce.

Wannan layin ka karanta wa Baba da ƙarfi, kada ka rage: Baba, ɗanka Alhassan na gaishe ka. Yaron da ka raɗa wa suna, ina so kai za ka rubuta masa bisimilla a allo ranar da zai fara karatu, da hannunka na dama. Shekara biyar ce kawai. Ka ajiye mini hannun.

Alhassan

Sabon Birni, 23 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Yaya Alhassan, gaisuwa mai yawa. Mun ji daɗin ganin rubutunka. Kowa lahiya, an gama ɗaurin dawa.

Na karanta ma Kawu layin. Can yas sa hannu aljihu yac ciro ungurnun yaj jehwa ma tunkiyar Inno, yac ce ke ba ki da ɗa mai boko, sha abinki. Inno ta yi kwana biyu ba ta son a ambaci sunanka, yanzu ta huce. Miyarta ta daddawa da tsamiya har ni na koma cinta. Kawu shina ci shina zagi, amma kwanon na komawa wayam. Ciwon ƙeya ya ragu, kwana goma ba haɓo.

Tun da abin nan yas same shi ya bar yi mani ba'a wurin karatu. Shina sa ni kurkure baki da nono, in aza gutsuren bisa tsinin harshe, in jira. Yac ce kada ka nemi gishirin, shi ba ya ɓoyo. Nemi abin da ke bin bayanshi. Yaya, ashe akwai. Wani in ya narke sai ɗaci shi biyo, wani ƙasa-ƙasa, wani ba abin da ke biyowa sai sanyi, shi ne beza, gishirin miya mai kyau. Ran da nij ji wanga na hwarko sai da nit tashi tsaye. Cikin goma yanzu ina samun bakwai.

Amma ga wata matsala. Da nic ce kac ce in riƙa tohwarwa, Kawu yac ce a rumhwa ba laihi, amma ba gaban madugu ba. In ayari ya sauka, madugu da hannunshi shi ka ɓantaro gishirin hwarko shi ba dillali gaban jama'a, dillali shi ci shi haɗiye. Wanda yat tohwar ko yaƙ ƙi karɓa ya ce ba amana ke nan, ayari shi tashi shi koma gidan wani. Madugun ga shekara talatin da ɗaya shina sauka wurin Kawu. Kawu yac ce gutsure ɗaya ba ya kashe mutum. Ni ko na san shi. In ya ɗanɗana na hwarko, kaya ɗari uku ne ke biye, ba za shi iya zama shina kallona ina lalube ba. In kuma ya ƙi, gidan ga ya rasa ayarinshi.

Mi za ni yi? An ce sun baro Madawa.

Labbo

Sabon Birni, 16 ga Disamba, 1956

Zuwa ga taubashina Malam Alhassan, gaisuwa da so da yarda, da hwatan kai da Ruƙayyatu da yaro kuna lahiya. Mu lahiya lau, sai sanyi.

Na ga amsarka, kac ce wanga ba ka da ƙwayarshi, in bar ma Kawu. Na ji haushinka ran nan. To ga yadda anka yi.

Ayari ya sauka ran Lahadi da hantsi, arewa da gari. Ban taɓa ganin raƙuma haka ba, na bar ƙirga. Munka tahi da Kawu, shina takawa sannu da sanda, rabin kasuwa na biye da mu, don labari ya bazu cewa Sodangi ya bar lasa. Har wasu dillalai biyu sun zo sun tsaya kusa, wai gaisuwa.

Madugun dogon tsoho ne, ido kaɗai ka ka gani cikin rawani. Sun daɗe suna gaisawa, hannu na shahwar hannu. Sannan yas sa anka kwance kaya guda, yab ɓantaro beza yam miƙa ma Kawu. Kawu ya karɓa hannu biyu. Ya duba shi, ya shinshina. Nig ga maƙogwaronshi ya motsa. Ni dai ƙasa ni ka kallo ina salati.

Sai nij ji yac ce, Madugu, shekara talatin da ɗaya ina cin gishirinka, in amana ce ta cika ciki. Yanzu hanyoyin jinina sun tsuhwa, an ce in na ƙara za su yanke. Ga harshena nan. Yak kamo hannuna yas sa mani gutsuren.

Madugu yad dube ni tun daga kai har ƙahwa, yac ce, Sodangi, harshen ga naka ko gemu bai yi ba. Kawu yac ce, kai ma ba bisa raƙumin da kah hwara zuwa kaz zo ba. Nig ga rawanin na girgiza, ashe dariya shi kai. Yac ce to yaro, ci mu ji.

Na aza bisa harshe. Hwarko ban ji komi ba sai bugun zuciyata. Na jira awa yadda anka koya mani. Sai ga wani ɗan ɗaci can baya, kaɗan. Na haɗiye. Na so in ce mai kyau ne in huta, amma Kawu na kallona. Nic ce, ranka shi daɗe, na miya ne, amma shina da wutsiya, bai kai na bara da ke rumhwarmu ba. Wani cikin dillalan nan yac ce kai yaro. Madugu yaj juya yay yi ma mutanenshi Buzanci, sannan yac ce ramin da sunka saba ɗiba ya rushe, na bana daga wani rami ne, kuma tun Madawa ba wanda yaj ji sai ni. Yac ce a sauke kaya gidan Sodangi.

Kwana huɗu muna aiki. Da nil lasa na biyar ina haɗiyewa, Madugu yas sa anka kawo mani ɗan ƙoƙo da yashi, yac ce tohwar, yaro, na hwarkon ya isa, ba ni son gishirina shi ci dillali biyu gida ɗaya. Na yi kuskure sau biyu, Kawu yak kama, don shi shina ƙwanƙwasa kantu da zobe shi ji ko akwai ƙasa ciki. Yac ce kunne dai likita bai hana ba. Bakinshi bai taɓa ko ɗaya ba, Yaya. Hannunshi na dama shi yad damƙa ma Madugu da sunka yi ban kwana.

Jiya bayan la'asar muna zaune zaure, yac ce mani, Labbo, na kayan nan da anka kwance ƙarshe, mai ja-ja, yaya shike a baki? Nic ce mai kyau ne. Yac ce ba ciniki ni ka tambaya ba, gaya mani yadda shike. Sai nih hwara, nic ce shina shiga da kaihi, sannan shi kwanta, sannan wani sanyi shi biyo awa ka sha ruwan randa. Ya ruhe ido ya jingina da bango. Da niy yi shiru yac ce, ci gaba. Na ci gaba har maganata taƙ ƙare, nik koma nis sake daga hwarko, bai hana ni ba. Yac ce gobe za mu yi na kaya na biyu.

Inno ta ɗaure ma Ruƙayyatu beza cikin tsumma, Illo za shi kawo. Ni niz zaɓa.

Naka,
Labbo, dillali